Daminar da Hammawa Bai Rataye Gora ba

Kafin hanyar mota ta kai ko'ina a ƙasar Katagum, duk wanda ya tashi daga tsohon garin Katagum da damina ya nufi Azare, dole ne ya tsaya a bakin kogin da ke kudu da gari ya jira masu fito. Da rani kogin yashi ne zalla, jaki yakan ratsa shi bai jiƙa kofato ba. Amma da zarar ruwan sama ya kankama sai ya cika ya tumbatsa, ya yi jajawur da laka, ya taho da itatuwa da mushen dabbobi daga can yamma. Tun da fadar ƙasar ta koma Azare kuwa, masu ƙetarawa ba su yankewa: masu kai ƙara, da fatake masu kanwa da busasshen kifi, da mata masu zuwa biki ko gaisuwar mutuwa.

Hammawa ɗaya ne daga cikin masu fiton nan. An haife shi a Katagum 'yan shekaru kafin zuwan Turawa, a gidan da ya daɗe yana wannan sana'a. Kakanninsa Fulani ne da shanu suka ƙare musu, suka zauna a bakin ruwa, suka koyi abin da suka tarar mutanen wurin suna yi. A mashigin da suke aiki ba a cika amfani da jirgi ba. Abin fiton manyan goruna ne guda biyu da ake ɗaurewa a kan sanda mai kauri, gora ɗaya a kowane gefe. Mai ƙetarawa ya kwanta da ƙirji a kan sandar, kayansa a cikin masaki, mai fito kuma ya bi ta baya yana iyo yana tura su har gaɓar can. Hannu riƙo kawai yake yi. Aikin duka na ƙafa ne da numfashi.

Wannan mashigi yana da tasa al'ada, wadda ba lalle ba ne a same ta a sauran mashigan kogin. Bakin ruwan a rabe yake gida-gida, kowane gida da wurin da yake tura gorarsa, kuma ɗa yakan gaji wurin ubansa. Idan bazara ta yi nisa, duk mai niyyar shiga ruwa a shekarar sai ya fito da gorunansa, ya liƙe tsagunsu da ƙaro, ya rataye su a ƙofar gida inda kowa zai gani. Sarkin Fito, wato shugaban masu sana'ar, yakan zaga unguwa ya ga ƙofofin da aka rataye da waɗanda ba a rataye ba. Ba ya tambayar kowa da baki, domin a wurinsu tambayar namiji ko zai iya shiga ruwa cin fuska ne, shi ma namijin ba ya zuwa ya ce zai iya. Ratayewar ita ce sanarwa, kuma dole ta riga ruwan farko sauka. Kashegarin ruwan farko sai a taru a gindin wata tsamiya da ke bakin kogi, a tabbatar wa kowa wurinsa, a shafa Fatiha. Gidan da ya yi damina uku a jere bai rataye ba, wurinsa ya fita daga hannunsa ke nan, a ba wani, kuma abin da aka shafa wa Fatiha ba a sake tayar da shi.

Da yake kogin yakan yi fiye da rabin shekara a bushe, masu fito suna da abin da suke yi a cikin gida don kada ƙafa ta mutu. Suna kiransa aikin rani. Mutum ya kifa turmi, ya kwanta da ciki a kansa, ya yi ta harba ƙafa irin ta kwaɗo har gumi ya keto. Ya ɗora taɓarya a wuya ya yi ta tsugunnawa yana miƙewa. Ya cika masaki da ruwa, ya tsoma fuska ya riƙe numfashi. Na ƙarshe, wanda mahaifin Hammawa ya fi ba muhimmanci, shi ne a cika turmi da ɗanyen yashi, mutum ya zauna a ƙasa ya dafa hannu ta baya, ya yi ta tura shi da ƙafa ɗaya daga ƙofar ɗaki zuwa gindin rumbu, sannan ya komo da shi da ɗayar. Tsohon yakan ce wanda bai iya wannan ba kada ya ɗauki ran mutum ya shiga ruwa da shi. Hammawa ya tashi da wannan aiki kamar yadda ya tashi da salla, kuma daga balagarsa har ya doshi shekara arba'in, babu ranin da ya wuce shi bai yi ba.

Matarsa Zuliha 'yar wani Babarbare ce mai sayar da kanwa, saboda haka wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ya biyo su har cikin ɗaki. Ita takan ce ta auri bawan ubanta, shi kuma yakan ce kyauta aka ba shi ita don an rasa mai ɗauka. 'Ya'yan da suka haifa ba su rayu ba, sai mace ɗaya da aka aurar Itas.

Masu ba da labarin sun sha bamban kan shekarar da ciwon ya kama shi, amma lissafi ya fi karkata ga bazarar 1936. Kurkunu ne ya fito masa a ƙafar hagu, ba wuri ɗaya ba, kuma mafi muni shi ne wanda ya ɓullo a gefen gwiwa. Wanzami ya yi ta nannaɗe tsutsar a kan tsinke kaɗan-kaɗan kamar yadda aka saba, sai wata rana ta tsinke a ciki. Ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, zazzaɓi ya rufe shi, har sau biyu aka tara 'yan'uwa ana zaton tafiya ce. Daminar ta wuce yana kwance. Da kumburin ya sace sai aka ga gwiwar ta ƙage a lanƙwashe, ba ta miƙewa. Damina ta biyu ta same shi yana jan jiki da sanda daga ɗaki zuwa zaure, ƙofar gidan kuma babu komai a rataye.

A waɗannan daminu biyu wurinsa yana hannun Bappayo a matsayin riƙo. Bappayo maraya ne da ya girma a gidansu yana taimakon mahaifin Hammawa, ya yi aure ya yi iyali amma ba shi da wurin kansa a bakin ruwa. Mutum ne mai amana. Duk abin da ya samu yakan kawo kason gidan, ya ajiye a zaure, ya gaisa ya tafi. Amma kowa ya san riƙo ba ya wuce damina ta uku, Hammawa kuma ya fi kowa sani.

Bayan an gama kaka a shekara ta biyu, gwiwar ta fara saki. Zuliha ce take dumama man shanu ta murza masa safe da yamma, ta ɗora masa yashi mai ɗumi a tsumma, yana cije leɓe tana ba shi labarin unguwa don ya manta. Wata rana da hantsi, ta gama daka tana shirin jingine turmi, sai ya ce mata ta kifa masa shi a tsakar gida, ta kuma danna ƙyauren zaure. Ta dube shi, ta yi yadda ya ce.

Ya tuɓe riga ya kwanta a kan turmin. A zuciyarsa yana ganin abin da jiki ya shekara ashirin yana yi ba zai ɓace masa ba, ashe ya ɓace. Ƙafar dama ta harba da kyar, ta hagu kuwa ta ɗan motsa kamar ba tasa ba, wani zafi ya soke shi daga gwiwa har kwankwaso, sai ga shi ya sulale ya faɗi gefe. A nan kwance, a hasken rana, ya dubi ƙafar sosai karo na farko tun da ya kwanta ciwo. Ta tsotse ta koma kamar taɓarya, fatar tana sheƙi, tabo ko'ina.

“Dama ku Fulani ƙafarku ta bin saniya ce,” in ji Zuliha. “Wa ya aike ku ruwa?”

“Ke dai 'yar masu kanwa, ɗaga ni.”

Ta ɗaga shi ta zaunar a kan tabarma, sannan ta ce za ta duba kaji a bayan rumbu. Ta daɗe ba ta fito ba. Ya ji sheshsheƙarta, da ta dawo kuma ya tambaye ta ko kajin sun cika, ta ce sun cika.

Kashegari ya sake hawa. Daga nan abin ya zama na kullum, da hantsi idan maza sun watse kasuwa, lungu ya yi shiru. Ya gane cewa ba zai fara daga inda ya tsaya ba, sai daga inda yaro yake farawa, har ma ƙasa da nan. Tsugunnon da a da yake yi da taɓarya a wuya yana waƙa, yanzu sai ya riƙe ginshiƙin rumfa da hannu biyu sannan ya iya sauka rabi. Abin da ya fi ba shi tsoro numfashi ne. Ranar da ya fara tsoma fuska a masaki, bai daɗe ba ƙirjinsa ya ɗauki zafi, ya ɗago yana tari, ruwa yana fita ta hanci. Wasu ranakun yakan wayi gari gwiwar ta kumbura saboda aikin jiya, dole ya huta, hutun kuma ya fi masa aikin ciwo, domin a kwance yake jin kwanaki suna wucewa. Sanyi ya shiga ya fita. Wajen tsakiyar rani ya saki ginshiƙin. Da zafi ya fara tsananta, ya iya zagaya tsakar gida ba sanda, ƙwaurin ya fara cika, har Zuliha ta ce ƙafar ta tashi daga taɓarya ta koma turmi ƙarami.

Duk wannan babu wanda ya sani a waje. Aikin rani dama a bayan katanga ake yinsa, amma Hammawa ya ƙara da nasa ɓoyon. Yana tsoron baki, yana ganin abin da aka nuna kafin ya nuna lalacewa yake yi, kuma ba ya son a ce an ga ɗan gidansu yana faɗuwa daga kan turmi. Saboda haka idan zai fita zaure sai ya ɗauki sandarsa, ya zauna ya lulluɓe ƙafafunsa da mayafi, kamar yadda aka saba ganinsa shekara biyu. Masu wucewa su yi masa sannu, ya amsa, su tafi suna girgiza kai.

Da bazara ta shigo, goruna suka fara bayyana a ƙofofin masu fito. Sarkin Fito na lokacin, Gidaɗo, dattijo ne, kuma abokin mahaifin Hammawa tun ƙuruciya. Ya yi ta biyowa ta lungun ba tare da wani dalili ba, ya dubi ƙofar ya wuce. Wata rana ya yi sallama ya shigo zaure ya zauna. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, suka yi maganar zafi, da rijiyar unguwa da ta ja baya, da wani mai fito da ya rasu a ƙetare. Duk tsawon hirar idon tsohon yana komawa kan mayafin.

“Shamuwa ta iso, Hammawa,” ya ce daga baya. “Na gan su jiya a kan bishiyar masallaci.”

“Na ji ana faɗa, Baba.”

“Bana kamar sun yi sauri.”

“Allah ya sa ta albarka ce.”

Tsohon ya juya carbinsa. Sannan ya ce an kawo ƙaro mai kyau kasuwa, irin wanda ba ya tsagewa, ya sayi fiye da bukatarsa, ko ya aiko da saura? Iyakar abin da al'ada ta yarda ya faɗa ke nan, kuma ya faɗe shi yana kallon ƙasa. Hammawa ya fahimci tambayar sarai. Amma a safiyar nan ya gwada turmin yashi, ƙafar dama ta kai shi rumbu, ta hagu kuwa ta komo da shi rabin hanya ta kama rawa ta tsaya. Sai ya ce akwai sauran ƙaro a gida, ya gode. Gidaɗo ya ɗauki wannan a matsayin amsar mutumin da ya haƙura. Ya yi addu'a ya tashi, Hammawa kuma ya sallame shi daga zaune.

Zuliha tana bayan zana tana ji. Da ya shigo ta tare shi, wannan karon babu wasa a muryarta.

“Malam, tsohon nan ba gaisuwa ta kawo shi ba. Ƙafarka ya zo gani. Da me za ka ragu in ka tashi ka raka shi ƙofa ba sanda?”

“In raka shi da ƙafar da ba ta komo da turmi ba?”

Ta ce masa ai kogi ba ya cika ranar ruwan farko, sai an yi makonni ana ruwa, ya rataye yanzu ya ƙarasa aikinsa a tsakani, babu wanda ya cuta. Maganarta gaskiya ce, shi ma bai musa ba. Abin da ya ce shi ne, ratayewa rantsuwa ce, wanda ya rataye yau ya ce yau zai iya, ba gobe ba, kuma mahaifinsa bai taɓa rataye gora ba sai turmi ya je ya dawo. Ya ƙara da cewa akwai sauran lokaci, ko sharar gona ba a gama ba. Ta ce shamuwa ba ta san da sharar gonarsa ba. Da ta ga ba zai juya ba, sai ta sauko da gorunan daga rataya a ɗaki, ta wanke su, ta dafa ƙaro ta liƙe tsagun da kanta, ta ɗaure su a kan sanda, ta jingine su a bakin ƙofar ɗaki inda zai riƙa ganinsu. Fitar da su waje dai ba aikin mace ba ne.

Ya ƙara ƙaimi, har ya wuce kima. Ya koma yi safe da yamma, gwiwar ta kumbura, ya yi kwanaki bai taɓa turmin ba, da ya koma kuma sai ya tarar ya ja baya. Sannu a hankali ya sake matsowa. Tazarar da ta rage tsakanin turmi da ƙofar ɗaki ba ta fi tsawon tabarma ba.

Ruwan ya zo da la'asar, tun kafin kowa ya sa rai. Hammawa yana zaune a ƙasa, tafin ƙafarsa a jikin turmi, sai ya ji iska ta juya, gabas ta yi baƙi, kaji suka ruga ƙarƙashin rumbu. Kafin ya miƙe manyan ɗigo sun fara dukan yashin da ke cikin turmin. Zuliha ta fito da gudu ta ɗauko gorunan ta tsaya a gabansa, ruwa yana dukanta. Ta ce ya karɓa ya fita yanzu, kowa ya shige ɗaki, wa zai ce ba tun azahar suke rataye ba? Ya dube ta, ya dubi gorunan. Ya ce shi zai sani. Ta tsaya riƙe da su har zaninta ya jiƙe sharaf, sannan ta mayar da su inda ta ɗauko.

Kashegari aka taru a gindin tsamiya. Bai je ba. Kafin azahar labari ya iso cewa an ba Bappayo wurin, an shafa Fatiha, kuma an yi wa Hammawa addu'ar samun sauƙi.

Bai daina aikin rani ba, watakila don bai san abin da zai yi da hantsinsa ba in ya daina. Bayan kamar mako uku, kogi bai ma kai ga cika ba, ƙafar hagu ta komo da turmin har ya bugi dokin ƙofa. Ya zauna yana haki. Zuliha tana tsaye da ƙwaryar gero tana jiran turmin, ta ga abin da ya faru, ba ta yi guɗa ba, ba ta kuma ce ai ta faɗa ba. Ta juye yashin, ta wanke turmin, ta zuba geronta.

Ta bakin mata maganar warkewarsa ta fita. Wata safiya Bappayo ya zo, ya yi sallama, da yake ɗan gida ne ya wuce ciki, sai ya tarar da Hammawa a tsaye yana gyaran danga, ba sanda, ba mayafi. Ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya cire hula ya zauna a ƙasa.

“Hamma, me ya sa ba ka bari na gani ba? Ko sau ɗaya?”

“Tashi, ƙasa a jiƙe take.”

Bappayo ya rantse cewa da ya sani da bai miƙa hannu ba, ya ce zai je ya mayar. Ya kuwa je. An ce Gidaɗo ya saurare shi har ya gama, hawaye yana bin gemunsa, sannan ya ce ya yi ta zuwa ƙofar gidan nan har ya fara jin kunyar kansa, kuma da yaron ya ko motsa yatsa a ƙarƙashin mayafi da ya san yadda zai yi da sauran dattawa. Amma yanzu an shafa Fatiha a gaban jama'a, in ya warware wannan, babu rabon da zai sake zama a bakin ruwan. Bappayo ya dawo da wata shawara: baɗi Hammawa ya shiga ruwa a ƙarƙashin sunansa, ya kwashe duk abin da aka samu. Hammawa ya yi masa godiya, ya ce ya riƙe wurinsa da kyau, yana da 'ya'ya. Shi dai ba zai zama baƙo a inda ubansa ya tura gora ba.

Da kogi ya cika, wani abu ya taso wanda bai yi tunaninsa ba. Gidansa ba shi da nisa da mashigi, kuma idan matafiya suka iso gaɓar can sukan ɗaga murya su kira masu fito. Shekara biyu yana jin kiran nan yana kwance, bai dame shi ƙwarai ba, domin ba shi da ƙafar amsawa. Yanzu duk kiran da aka yi sai ya ga ya miƙe tsaye kafin ya tuna. Ya rage cin abinci, ya rage magana. A tsakiyar damina ya ce wa Zuliha su haɗa kaya, za su koma Azare wurin yayarsa Fatu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gida da ɗaki a wofi. Zuliha ta roƙe shi su bari ruwa ya janye su ratsa da ƙafa kamar kowa. Ya ce ba zai kai ba.

Sun fito da sassafe. Masu fito da ke bakin ruwa suka ga ya taho da tafiyarsa, da ɗan ɗingishi kaɗan, kaya a ka, sai kowa ya bi shi da kallo. Wani ya ɗauki Zuliha da masakin kayansu ya yi gaba. Shi kuwa babu wanda ya dace ya ɗauke shi sai wanda wurinsa ya koma hannunsa, don haka Bappayo ya turo gorunansa bakin gaɓa. Hammawa ya naɗe riga a ka, ya shiga ruwa har ƙugu, ya kwanta da ƙirji a kan sandar.

Akwai maganar da mai fito yake faɗa wa duk wanda zai ƙetarar kafin su tashi, ko sarki ne ko bara, domin harbin mai ƙetarawa yakan karkatar da gora, yakan kuma sami mai turawa a fuska. Bappayo ya buɗe baki ya kasa.

“Faɗi mana,” in ji Hammawa. “Ana jiranmu.”

“Riƙe sanda, Hamma. Kada ka motsa ƙafa.”

Suka tashi. Ruwan yana da sanyi, kuma shekara uku rabonsa da shi. Yana jin yadda yake tura cinyarsa, yana jin kowane harbin Bappayo ta jikin sandar, yana sanin wanda ya yi kyau da wanda ya tafi a banza. Da suka doshi tsakiya, inda ruwan yake yin duhu yana murɗawa, ya san a nan ake juya ƙirji a fuskanci inda ruwa yake fitowa tun kafin a shiga. Bappayo bai juya ba sai da suka shiga. Igiyar ruwa ta kwashe su ta yi gabas da su, gorar hagu ta nutse ta ɗago, numfashin Bappayo ya fara fita da ƙara. Ƙafafun Hammawa suka ɗaure da kansu suna neman harbi, kuma ya san harbi kaɗan daga gare shi zai fitar da su. Ya ƙanƙame sandar, ya bar ƙafafun suna ja a baya kamar na mara lafiya, har Bappayo ya yi ta fama ya fitar da su shi kaɗai.

Sun fita can ƙasa da mashigi, cikin ciyawa, inda sai da suka taka laka kafin su kai tudu. Bappayo ya durƙusa yana haki yana ba da haƙuri. Hammawa ya warware rigarsa ya sa, ya jira har numfashin mutumin ya dawo.

“Kafin ka kai inda ruwa yake yin baƙi, ka juya ƙirjinka yamma,” ya ce. “Kada ka jira sai ka ji ya ja ka. Haka babanmu yake yi.”

Bappayo ya ce ya ji. Suka yi musafaha, Hammawa ya bi gaɓa ya koma inda Zuliha take tsaye da kaya, ya ɗora nasa a ka, suka kama hanyar kudu.

Azare gari ne na rijiyoyi masu zurfi, babu kogi. A can ya zama mai jan ruwa yana kai wa gidaje, da tulu da farko, daga baya da garwa, kuma da wannan ya ci da kansa da Zuliha da Fatu har ƙarfinsa ya ƙare. Bai sake komawa Katagum ba, ko da aka aiko masa da rasuwar Gidaɗo. Ya rasu a farkon shekarun 1950, bayan gajeriyar jinya. Tsofaffin unguwar da ya zauna sun tuna shi a matsayin mutum mai shiru, mai ɗan jan ƙafar hagu, wanda ba ya fashin aiki ko ana ruwa. Da aka tambaye su game da sana'arsa ta farko, yawancinsu ba su ma san ya iya iyo ba.